Launi a Matsayin Adon Harshe a Adabin Ingilishi: Tarken Kore da Fari da Baƙi a Wasu Zaɓaɓɓun Ayyuka

Tsakure

Wannan maƙala ta yi tarken yadda marubutan adabin Ingilishi suke sarrafa kalmomin launi domin isar da ma'anar da ta zarce abin da ido yake gani. An taƙaita nazarin a kan kore da fari da baƙi a cikin ayyuka biyar, wato waƙar Sir Gawain and the Green Knight, da wasan kwaikwayon Othello, da ƙagaggun labaran Moby-Dick da Heart of Darkness da The Great Gatsby. An bi hanyar karanta matani a tsanake tare da la'akari da zamanin da aka samar da kowane aiki. Maƙalar ta gano cewa ma'anar launi takan sauya a cikin matani guda, don haka jadawalin ma'anonin launuka da ake haddacewa ba ya wadatarwa. Ta kuma nuna cewa mai karatu Bahaushe ya fi fuskantar haɗarin kuskure a kan fari da baƙi, waɗanda yake jin ya san su, fiye da kore wanda yake baƙo a adon harshensa.

Muhimman Kalmomi: launi, adon harshe, alamci, adabin Ingilishi, tarke

1.0 Gabatarwa

Ɗalibin adabin Ingilishi yakan ci karo da wani jadawali tun a farkon karatunsa. Jadawalin yakan ce fari tsarki ne, baƙi sharri, ja haɗari ko sha'awa, kore kuma kishi ko tsiro. Ɗalibi ya haddace, ya shiga ɗakin jarrabawa, duk inda ya ga launi sai ya ɗora masa ma'anar da ya zo da ita daga waje. Jadawalin bai rasa gaskiya ba, domin daga maganganun yau da kullum na masu harshen aka tsamo shi. Matsalarsa ita ce yana tsayawa daidai inda aikin marubuci yake farawa. Marubuci mai hikima yakan karɓi ma'anar da jama'a suka saba da ita a matsayin jari, sa'annan ya juya ta, ya ƙara mata nauyi, ko ya kifar da ita a gaban mai karatu.

Manufar wannan maƙala ita ce bin sawun wannan juyi a cikin ayyuka biyar da suka ratsa fiye da shekaru ɗari biyar, daga ƙarshen ƙarni na 14 zuwa shekarar 1925. Biyu daga cikinsu marubutan Amurka ne suka samar da su, don haka adabin Ingilishi a nan yana nufin adabin da aka rubuta da harshen Ingilishi.

2.0 Inda Launi Yake Samo Ma'ana

Ana iya kasa tushen ma'anar launi a adabi gida uku. Na farko shi ne abin da harshe ya gada a cikin salon maganarsa. Na biyu shi ne tunanin zamanin marubuci, kamar addini da ilimin likitanci da siyasa da fatauci. Na uku shi ne abin da matanin kansa ya gina, ta hanyar maimaita launi da sauya wurin da yake fitowa da kuma bakin da yake furta shi. Idan ukun suka saɓa, na ukun ne yake da rinjaye.

A littafinsu na 1969, Brent Berlin da Paul Kay sun kawo ra'ayin cewa harsuna sukan fara da kalmomin duhu da haske, sai ja, kafin kore ko rawaya su biyo baya. An yi wa ra'ayin gyare-gyare daga baya, amma yana taimakawa wajen lura da wani abu game da Hausa, wato nauyin adon harshenta ya taru ne a kan fari da baƙi da ja. Akwai farin ciki da baƙin ciki, farin jini da baƙin jini, baƙar magana da baƙar aniya, jan aiki da jan hali. Sauran launuka da yawa ana kiran su ne ta hanyar kwatance, kamar ruwan ɗorawa da ruwan toka da ruwan ƙasa da ruwan goro. Kore da shuɗi suna da sunayensu, amma ba kasafai suke ɗaukar halin ɗan Adam ba. Bahaushe ba ya danganta kishi da kore, kuma wanda bai goge ba ɗanye yake ce masa ko farin shiga. Da wannan guzuri mai karatu yake tunkarar matanin Ingilishi, kuma guzurin yana tasiri a kan inda zai dakata da inda zai wuce.

3.0 Kore: Launin da Ya Ƙi Zama Wuri Guda

A Ingilishi kalmar kore tushenta ɗaya da kalmar ciyawa da kalmar tsirowa. Daga nan ta samo ma'anar rayuwa da ƙuruciya da rashin nuna. Ayyuka uku sun nuna yadda marubuta suka yi nisa da wannan tushe.

3.1 Koriyar Ɗamarar Gawain

An rubuta Sir Gawain and the Green Knight a ƙarshen ƙarni na 14, cikin baituka 101, kuma kwafi ɗaya tak ya tsira, wanda yake ajiye a Laburaren Birtaniya da ke Landan. A bikin sabuwar shekara wani ƙaton barde ya kutsa fadar Sarki Arthur, jikinsa da gashinsa da tufafinsa da dokinsa duk koraye. A hannu ɗaya yana riƙe da reshen wata itaciya wadda ganyenta ba ya zuba ko da hunturu, a ɗayan kuma gatari. Tun a wannan fitowa mawaƙin ya haɗa rai da mutuwa a jikin launi guda. Gawain ya sare masa kai, barden ya sunkuya ya ɗauki kansa, ya tuna masa alƙawarin ramuwa bayan shekara.

Inda hikimar waƙar ta fi bayyana shi ne a kan wata koriyar ɗamara ta siliki. Matar mai masaukin Gawain ce ta ba shi, ta ce duk wanda ya ɗaura ta makami ba zai kashe shi ba. A hannunta ɗamarar kyautar soyayya ce, a wurin Gawain kuma laya. Ya ɓoye ta, ya karya yarjejeniyar da ya yi da mai gida cewa kowa zai miƙa wa ɗan'uwansa abin da ya samu a yini. Da ranar ramuwa ta zo, barden ya yi masa ɗan rauni a wuya a sara na uku, sa'annan ya bayyana cewa shi ne mai masaukin. Gawain ya rataya ɗamarar a matsayin shaidar kunyarsa da son ransa. Da ya koma fada ya ba da labari, sai fadawa suka yi dariya, suka amince kowa ya rataya irinta a matsayin alamar girma.

Abu ɗaya ke nan, launi ɗaya, ya zama kyauta, ya zama laya, ya zama tabo, ya zama lambar yabo. Mawaƙin bai yanke hukunci a kan wanda ya fi gaskiya tsakanin Gawain da fadawa ba. Abin da waƙar ta koyar shi ne alama tana karɓar ma'anarta daga wanda ya rataya ta da jama'ar da suke kallonsa. Mai neman ma'ana guda ta kore a wannan waƙa zai rasa jigonta baki ɗaya.

3.2 Kore a Bakin Shakespeare

A kashi na uku, fitowa ta uku ta Othello, Iago ya gargaɗi ubangidansa game da kishi, ya siffanta shi da wani dodo mai korayen idanu. Jadawali yakan tsaya a nan. Tushen siffantawar yana cikin ilimin likitancin zamanin, wanda ya ɗauka cewa ruwaye huɗu ne suke sarrafa lafiya da hali, kuma rinjayen ruwan matsarmama yakan sa fata ta koma kore-kore ko rawaya. Akwai ma wata cutar ƙarancin jini da ake jingina wa 'yanmata, wadda sunanta a wancan zamani yake ɗauke da kalmar kore. Shi ya sa a Twelfth Night, wasan da Ibrahim Yaro Yahaya ya fassara da sunan Daren Sha Biyu, aka haɗa kore da rawaya wajen bayyana ramar wadda ta ɓoye soyayyarta. Koren Shakespeare a waɗannan wurare launin majinyaci ne. Idan aka gane haka, sai a ga Iago yana bayyana kishi a matsayin cuta a daidai lokacin da yake ɗura wa Othello ita.

3.3 Koriyar Fitilar Gatsby

A The Great Gatsby na F. Scott Fitzgerald, wanda ya fito a 1925, mai ba da labari Nick Carraway ya fara hango Gatsby ne da dare a ƙarshen babi na ɗaya, ya miƙa hannuwa wajen ruwa. A ɗaya gaɓar akwai wata koriyar fitila, wadda daga baya aka gane tana bakin matsayar jiragen gidan Daisy, matar da ya so shekaru biyar da suka wuce, wadda ta auri wani. An saba cewa fitilar buri ce, ko kuɗi saboda launin dalar Amurka. Amma a babi na biyar, lokacin da Daisy take tsaye kusa da shi, Nick ya lura cewa girman fitilar ya gushe, ta koma fitila kamar kowace. Nisa ne ya ba ta daraja. A babi na bakwai, bayan motar Gatsby ta take Myrtle Wilson, shaidan farko ya gaya wa ɗan sanda cewa motar koriya ce mai haske, alhali rawaya ce. A cikin ruɗanin magariba launin buri ya shafi abin da ya yi kisa. A shafin ƙarshe kuma an danganta fitilar da koriyar ƙasar da matuƙan jiragen Holan suka hango lokacin da suka fara isowa wannan gaɓa. Ma'anar ta tashi daga mafarkin mutum ɗaya ta zama mafarkin ƙasa, tare da nuna cewa abin da ake hange a gaba tuni ya wuce a baya.

4.0 Fari da Baƙi: Tarkon Sabo

Kore yakan tsayar da mai karatu Bahaushe, domin bai san dalilin da zai sa kishi ya yi korayen idanu ba, kuma tsayawar takan kai shi ga tambaya. Fari da baƙi ba sa tsayar da shi. Harshensa ya riga ya ba shi farin ciki da baƙar zuciya, don haka yakan wuce da tabbacin ya fahimta. A nan ne abubuwa biyu suke kuɓuce masa: wuraren da marubuci ya kifar da ma'anar, da wuraren da launin hali ya cakuɗe da launin fata.

4.1 Othello

An rubuta Othello wajen 1603 zuwa 1604. Tauraronsa baƙar fata ne, kwamandan rundunar Venis, wanda ya auri Desdemona, 'yar wani babban ɗan majalisa. A Ingilishin wancan zamani kalma guda tana ɗauke da hasken fata da kyawun fuska da kyawun hali. Da ita sarkin Venis ya yabi Othello a gaban surukinsa a kashi na ɗaya, yabon da ma'anarsa ita ce nagartarsa ta rinjayi baƙinsa. Yabo ne da yake ɗauke da zagi a cikinsa, domin ya amince cewa baƙar fata aibi ce da ake yafewa. Iago kuwa, wanda farar fata ne kuma kowa yake shaidarsa da gaskiya, shi ne ya ƙudurta mayar da nagartar Desdemona baƙa ƙirin kamar kwalta.

Masifar ta kai matuƙa ne lokacin da Othello da kansa ya karɓi wannan ma'auni. Da zargi ya kama shi, sai ya kwatanta ɓacin sunan matarsa da baƙin fuskarsa. Mutum ya mayar da fatarsa ma'aunin ƙazanta, da harshen waɗanda suka raina shi. A kashi na biyar, yana tsaye a kan gadonta, ya kwatanta farin jikinta da dusar ƙanƙara, sulɓinsa kuma da farin dutsen da ake sassaƙa gumakan kaburbura da shi. Farin da ya fara a matsayin tsarki ya zama farin gawa tun kafin ta mutu. Wanda ya karanta waɗannan wurare da ma'aunin farin ciki da baƙin ciki zai bi sawun Iago ba tare da ya sani ba. Baƙin da ke cikin baƙin ciki na Hausa yanayin zuciya ne, ba ya nuni ga fatar kowa. Bahaushe ma yakan kira Turawa masu jajayen kunnuwa, abin da yake nuna cewa rabon launin fata a harshensa bai bi tsarin Ingilishi sau da ƙafa ba.

4.2 Moby-Dick

Herman Melville ya keɓe babi na 42 na Moby-Dick, wanda ya fito a 1851, domin tattauna farin ƙaton kifin tekun da kyaftin Ahab yake farauta. Mai ba da labari Ishmael ya fara da jero darajar fari a wurin al'ummomi: tufafin amare, rigunan malaman addini, farar giwar sarakunan gabas. Sa'annan ya juya ya jero abubuwan da farinsu yake ƙara musu ban tsoro, kamar namun dajin ƙasashen ƙanƙara da fuskar mamaci da mayafin da ake naɗe shi da shi. Ya ƙare da tunanin cewa fari rashin launi ne kuma matattarar dukkan launuka, fili ne wayam da yake tsoratarwa saboda babu abin da aka rubuta a kansa. Babin tamkar tarke ne da marubuci ya yi wa jadawalin ma'anoni da kansa. Ahab ya cika wannan fili da ƙiyayyarsa, ya hallaka jirginsa da mutanensa, Ishmael kaɗai ya tsira. Mai karatu Bahaushe yana da mabuɗin wannan babi idan ya tuna cewa likkafani fari ne, kuma farar ƙafa ba yabo ba ce. Harshensa ma bai bai wa fari fuska ɗaya ba.

4.3 Heart of Darkness

Joseph Conrad ya je Kwango a 1890, lokacin da ƙasar take mallakin Sarki Leopold na Biyu na Beljiyam. Labarinsa ya fito a mujallar Blackwood's a 1899, aka buga shi cikin littafi a 1902. Conrad ya kifar da fari da gangan. Marlow ya kwatanta birnin Turai da ofishin kamfani yake da kabarin da aka shafa wa farar ƙasa, siffar da ta samo asali daga Linjilar Matiyu. Akawun kamfani yana sanye da fararen kaya masu sitaci a kusa da inuwar da ma'aikata 'yan Afirka suke kwance suna mutuwa. Hauren giwa, farin abin da ake kashe mutane dominsa, shi ne aka kwatanta sanƙon Kurtz da shi. Duk inda fari ya fito a labarin, ruɓa tana ƙarƙashinsa.

Sai dai juyin ya tsaya a rabi. A laccar da ya gabatar a Jami'ar Massachusetts da ke Amherst a 1975, Chinua Achebe ya soki littafin da cewa ya mayar da Afirka dandamalin da Bature yake haukacewa a kai, ya kuma hana 'yan Afirka harshe da mutuntaka. Nazarin launi yana ƙarfafa wannan suka. Conrad ya tuhumi fari, amma ya bar baƙi da duhu a matsayin da ya same su, wato sunan jahilci da dabbanci. Laifin Kurtz a ma'aunin labarin shi ne duhu ya shige shi. Gaskiya ne labarin ya ce Ingila ma ta taɓa zama wurin duhu a zamanin Rumawa, kuma ya rufe da duhu a kan kogin Thames, amma wannan faɗaɗa duhun ne, ma'anarsa tana nan yadda take. Melville ya girgiza ma'aunin gaba ɗaya, Conrad kuwa ya girgiza gefe guda ya jingina da ɗayan.

5.0 Abin da Nazarin Ya Fito da Shi

Abu na farko, ma'anar launi tana tafiya tare da labari, don haka wajibi ne a bi kowace fitowarsa daga farko zuwa ƙarshe kafin a yanke hukunci. Na biyu, dole a tambayi wane ne ya furta launin. Koren da ya fito daga bakin Iago makami ne, baƙin da ya fito daga bakin Othello kuma rauni. Na uku ya shafi masu fassara zuwa Hausa. Idan aka fassara kore kai tsaye, mai karatu zai ga baƙon abu, amma ɗan bayani zai warware masa. Idan kuwa aka fassara baƙin da Othello ya jingina wa fuskarsa da baƙin jini ko baƙin hali, jimlar za ta yi daɗi a kunne, amma an shafe batun launin fata wanda shi ne ƙashin bayan wasan. Sauƙin fassara a irin wannan wuri alama ce ta cewa wani abu ya zube a hanya.

6.0 Kammalawa

Maƙalar ta bi kore daga ɗamarar Gawain zuwa fitilar Gatsby, ta bi fari da baƙi daga Venis zuwa Kwango. An ga cewa manyan marubuta sukan ɗauki ma'anar da harshe ya gada su gwada ƙarfinta, wasu su karya ta, wasu su karya rabi su riƙe rabi. Aikin mai tarke shi ne ya gano inda kowane marubuci ya tsaya. Ga manazarcin Hausa, daidaiton da yake gani tsakanin farin Ingilishi da farin Hausa shi ne wurin da ya fi cancantar ya dakata ya sake karantawa. Akwai kuma buƙatar a yi irin wannan bibiya a kan fari da baƙi da ja a waƙoƙin baka da rubutattun waƙoƙin Hausa, domin a ga ko mawaƙan sun bar waɗannan launuka yadda suka gaje su.